Masu zuwa gida kula da kare a Kano: yadda na ga aikinsu

A sababbin unguwannin Kano, irin su Hotoro da Sharaɗa da Rijiyar Zaki da Ɗanbare, mutum ba zai yi doguwar tafiya da dare ba tare da ya ji haushin kare daga bayan katanga ba. Yawancin waɗannan karnuka an ajiye su ne domin gadi, kuma yawancin masu su sun yi lissafin kuɗin sayen karen da na abincinsa, amma ba su yi lissafin wanda zai riƙa kwashe kashinsa kowace safiya ba. Wannan giɓin ne wani ƙaramin kamfani da ke wajen Bompai yake ƙoƙarin cikewa. Likitan dabbobi ne yake shugabantarsa, yana da samari da suke zagayawa gidaje a kan babur, kuma ana biyansu wata-wata. Ba zan ambaci sunansu ba, domin ba talla nake yi musu ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne. Na daɗe ina hulɗa da su, har na ga aikinsu a lokacin zafi da damina da hunturu, saboda haka ina ganin abin da zan rubuta zai amfani wanda yake tunanin ɗaukarsu ko ɗaukar irinsu.

Karenmu namiji ne, ruwa biyu, uwarsa 'yar gida, ubansa kuwa irin na Jamus ɗin nan da ake kira karen 'yan sanda. Yana da ɗaki na bulo a bayan gida, kusa da ɗakin mai gadi. Yarjejeniyar da muka yi da kamfanin ta ƙunshi abubuwa uku: wanke ɗakin kare da kwashe ƙazanta sau biyu a mako, wanka da maganin kaska, sannan likita ya riƙa bibiyar allurai da maganin tsutsar ciki a kan lokaci.

Kafin su karɓi kuɗi, likitan da kansa ya zo ya duba wurin, kuma wannan ne abu na farko da ya sa na ɗauke su da muhimmanci. Ya nemi katin rigakafi, ya ɗaga leɓen karen ya duba dasashinsa, ya leƙa cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon daɓen ɗakin. Ya tambayi inda ruwan wanki yake bi idan an zuba, aka nuna masa ramin da ke ƙarƙashin katanga wanda yake fita zuwa lambatun layi. Sai ya ce, “Alhaji, duk abin da ya bi ta ramin nan, ƙofar gidan maƙwabcinka ya tafi, kuma a nan yara suke wasa.” Maganar ba ta da ado, amma a kanta dukkan tsarin aikinsu ya ginu.

Yadda suke wanke ɗakin ya cancanci a tsaya a bayyana shi, domin a nan ne bambancinsu da aikin gida yake. Abin da aka saba gani shi ne a ɗauko bokitin ruwa a watsa, a bi da tsintsiya, a kora komai waje. Su kuwa ba sa taɓa ruwa sai sun gama kwashewa a bushe. Yaron yakan sa safar hannu ta roba da dogon takalmin ruwa, ya fitar da karen ya ɗaure shi a inuwa, sannan ya bi ɗakin da kewayensa da ƙaramin shebur, yana zubawa a bokiti mai murfi wanda aka shimfiɗa leda a cikinsa. Inda kashin ya bushe ya manne da daɓe, yana da wani ƙarfe mai faɗi da yake kankarewa da shi. Bayan wannan ne yake kaɗa ruwan omo, ya goge daɓen da bangon har tsayin gwiwa da buroshi mai ƙarfi, ya ɗauraye, sannan ya zuba ruwan bilic da aka sirka, kashi 1 na bilic a cikin kashi 30 na ruwa, ya bar shi kamar minti 10 kafin ya sake ɗaurayewa. Ba ya mayar da karen sai daɓen ya bushe. Na lura ba sa haɗa bilic da wani maganin wanki, kuma ba sa zuba shi a kan fitsarin da ba a wanke ba, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da huhu da ido.

Da farko na ɗauka wannan tsari tsabar ƙa'ida ce kawai, sai da likitan ya yi mini bayanin dalilinsa. Kashin kare yakan ɗauko ƙwayayen tsutsotsin ciki waɗanda ido ba ya gani. Akwai doguwar tsutsar nan mai kama da taliya wadda ta fi yawa a cikin 'yan kwikwiyo. Ƙwanta ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya ƙosa, daga nan kuma yana iya daɗewa a raye har fiye da shekara. Yaron da ya yi wasa da wannan ƙasar ya kai hannu baki zai iya haɗiye shi, kuma tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana yawo a jiki, takan kai hanta, wani lokaci har ido, ta lalata gani. Bilic ba ya kashe wannan ƙwan yadda ake zato, saboda haka hanyar tsira ita ce a ɗauke kashin tun bai daɗe ba. Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa mai ƙugiya a baki, wadda take tsotse jinin kare, ita kuma 'ya'yanta suna iya shiga fatar ƙafar mutumin da yake tafiya ba takalmi, su bar masa wani jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi mai tsanani. Amfanin bilic ya fi ƙarfi a kan cutar da ake kira fabo, mai sa ƙananan karnuka amai da gudawar jini, wadda ƙwayarta take yin watanni a daɓe da ƙasa ba ta mutu ba.

Wannan bayani ya nuna iyakar abin da kamfanin zai iya yi, kuma na yaba da cewa su da kansu ne suka fara faɗa. Suna zuwa sau biyu a mako, kare kuwa yana kashi kullum, sau ɗaya ko biyu ko fiye. Kwanakin da ke tsakani nauyin mai gida ne. Sun bar mana shebur da bokiti mai murfi da safar hannu, suka tsayar da mai gadi da babban ɗana suka nuna musu yadda za su kwashe safe da yamma, da yadda za su wanke hannu da sabulu bayan sun gama, suka kuma ce kada a yi amfani da wannan shebur ɗin a wani aiki. Duk ranar da suka zo, yaron yakan duba ko an yi, ya rubuta a takardarsa, kuma idan ya tarar da kashin kwana uku a zube, likitan yakan kira mai gida a waya. Na san akwai waɗanda za su ji haushin a ce wanda suke biya shi ne yake bibiyarsu, amma a ganina wannan yana daga cikin mafi amfanin abin da nake biya. Akwai wata fa'ida kuma: wanda yake kwashe kashin kare kullum shi ne yake fara ganin sauyi, ko jini, ko majina, ko wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, kuma sun koya wa mai gadi ya faɗa da zarar ya gani.

Sun kuma hana mu zuba shi a gindin shuka. Muna da ɗan lambu na alayyafo da tumatir a gefen gida, kuma mutum zai iya ɗauka cewa kashin kare taki ne kamar na shanu ko na tumaki. Ba haka ba ne, domin kare mai cin nama ne, kuma tsutsotsin da ke cikinsa suna kama mutum, saboda haka bai dace ya kusanci abin da za a ci ba.

Inda ban gamsu da su ba shi ne makomar abin da suke kwashewa. A farkon lamari suna ƙulle ledar su tafi da ita, ni kuma na ɗauka suna da rami ko wurin ƙonawa na musamman. Da na tambaya, amsar da na samu ita ce suna kai wa wurin tara shara na unguwa, inda motocin kwashe shara suke ɗauka. Duk wanda ya san bololin Kano ya san cewa kafin mota ta zo, 'yan jari-bola sun riga sun farke ledoji da hannunsu suna neman roba da ƙarfe, akuyoyi da kaji sun bi ta kai, idan kuma ruwa ya sauka, ya kwashi abin ya watsa a layi. Kamfanin da ya san haɗarin wannan ƙazanta fiye da kowa bai kamata ya tsaftace gidan mai kuɗi ya kai ta inda yaran talakawa suke tona ba. Na faɗa wa likitan haka, bai musa ba, ya ce suna neman fili a wajen gari. A gidanmu dai mun daidaita a kan a riƙa juye kashin a banɗakin waje, ba tare da leda ko yashi ba, a kora da ruwa ya tafi sokawe, ruwan wankin ɗakin ma aka juya hanyarsa zuwa can, aka toshe ramin da ke fita layi. Wanda zai ɗauke su ya yi wannan tambayar tun kafin ya biya.

Wanka da maganin kaska suna yinsu da kyau. Sukan sa wa karen takunkumi, su yi masa wanka da safe kafin rana ta take, su shafe shi da ruwan magani da aka auna da sirinji, su kiyaye ido da baki, sannan su tsare shi har ya bushe domin kada ya lashe. Abin da ban sani ba kafin zuwansu shi ne kaskar kare ta fi zama a bango fiye da jikin karen. Macen idan ta ƙoshi da jini sai ta sauka ta shige tsagar bulo ta zuba dubban ƙwai, shi ya sa ake wanke kare yau, bayan 'yan kwanaki a ga ya sake cika. Yaron ya haska mini tsagar da ke saman ƙofar ɗakin da fitilar waya, sai ga su jere, ƙanana da manya. Suka yi feshi, suka ce a kira magini ya yi wa bangon filasta ya toshe kowace kafa, kuma tun da aka yi haka kaskar ta ragu ƙwarai. Lamarin ya wuce na ƙaiƙayi, domin kaska tana sa wa kare cutar da take farfasa jini, a ga dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, ya daina cin abinci. Likitan ya yi kakkausan gargaɗi a kan masu shafa wa kare maganin ƙwari na gona, ko kalanzir, ko baƙin man mota idan ƙazuwa ta kama shi, domin fata tana tsotse su, karen kuma yana lasa, kuma karnuka suna mutuwa ta wannan hanyar.

Batun allura shi ne wanda ba na wasa da shi, kuma a nan ba ni da abin da zan ce sai yabo. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Duk da haka rigakafinsa tsoho ne, tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan mutum a Faransa, kuma a nan Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana daga cikin masu samar da na dabbobi. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana ɗan wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Abin da ya burge ni shi ne yadda suke riƙe allurar. Dole ne ta zauna a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, idan ta yi zafi ta lalace ko da kwalbar ba ta nuna komai ba, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a garin nan. Likitan yakan zo da ita a cikin kula mai ƙanƙara, ya nuna mini kwalbar da ranar ƙarewarta kafin ya zuƙa, ya ɓare takardar jikinta ya manna a kati, ya sa hannu da hatimi. Na ziyarci ofishinsu na ga firijin da suke ajiya yana aiki da sola. Sauran allurai na fabo da makamantansu, da maganin tsutsa duk bayan wata 3, su ne suke tuna mini da saƙon waya kafin lokaci ya yi.

Sun kuma manna wata takarda da Hausa a ƙofar ɗakin mai gadi a kan abin da za a yi idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti a ranar ba tare da tsayawa maganin gida ba, a killace karen a sa masa ido kwana 10, a kuma kira likitan dabbobi. Takarda ce ƙarama, amma na so a ce kowane gida mai kare yana da irinta.

A kan abinci, shawararsu ta kasu biyu a wurina. Wadda na karɓa hannu bibbiyu ita ce ta hana ba kare ɗanyen huhu da hanta, musamman waɗanda mahauta suka ware saboda ƙulluttai masu ruwa a jikinsu. Mutane da yawa suna sayo irin wannan da araha daga Abbatuwa, ko su jefa wa kare lokacin layya, alhali a cikin ƙulluttan nan ne wata tsutsa take, wadda take girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito ta kashinsa, ya koma ya haifar da irin wannan ƙullutu a hantar mutum ko huhunsa. A dafa shi sosai, ko a binne shi da zurfi. Haka nan sun hana ragowar miya mai yawan albasa, domin albasa tana lalata jinin kare, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji. Wadda ban karɓa ba ita ce yawan tallata mini abincin buhu na ƙasar waje da suke sayarwa a ofishinsu. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma da na matsa, likitan ya yarda cewa tuwon masara ko shinkafa da dafaffen nama ko kifi da ɗan ganye ya wadatar idan an daidaita. Ya kamata wannan ce za su fara faɗa wa mutum.

Lokacin zafi na ga wani gefe na likitan wanda ya ƙara masa daraja a idona. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ɗakin karenmu rufin kwano ne, sai ya ce lallai a yi masa rumfa a sama, a buɗe taga ta biyu domin iska ta ratsa, a ajiye ruwa a kwano biyu masu nauyi waɗanda ba za su kife ba, a riƙa sauyawa safe da rana da yamma. Ya gaya mini cewa akwai gidan da ya daina zuwa saboda mai gidan ya ƙi cire karensa daga gajeriyar sarƙa a tsakiyar rana. Malamai sun yi maganganu a kan halaccin ajiye kare a cikin gari domin gadi, kuma wannan fage nasu ne, amma ban san wanda ya halatta a ɗaure dabba a bar ta da ƙishirwa ba, kuma dukkanmu mun taso muna jin hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Haƙƙin maƙwabta ma sun sa shi cikin aikinsu, abin da ban zata ba. Sun ba da shawarar kada a saki karen a tsakar gida sai an rufe ƙofa dare ya yi nisa, a kuma mayar da shi ɗakinsa kafin kiran sallar asuba, lokacin da ake buɗe ƙofa mutane suna wucewa masallaci. Sun sa an ƙara sakata a ƙaramar ƙofa saboda almajirai da yara masu talla da suke turowa ba tare da sallama ta isa ciki ba, an kuma rubuta gargaɗi da Hausa a jikin get.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ba su kai na shara nauyi ba, amma suna nan. A watan Agusta, idan ruwa ya cika hanyoyi, sukan makara ko su ɗage zuwa washegari ba tare da sun sanar ba, alhali a lokacin ne danshi da ƙuda suka fi yawa kuma aka fi bukatarsu. Suna yawan sauya yara, kare mai gadi kuwa ba ya yarda da baƙuwar fuska, saboda haka duk sabon yaro sai mai gadi ya bar aikinsa ya riƙe masa karen, kuma ba kowane sabo ne yake da natsuwar na farko ba. Akwai wanda na ga ya gajarta lokacin bilic saboda sauri, sai da aka yi magana. Fita da kare yawo ba ya cikin yarjejeniya, kuɗinsa daban ne, duk da cewa su da kansu suna faɗin karen da ba ya motsa jiki shi ne yake yawan haushi da tona ƙasa. Wayarsu ta dare kuma ba kullum ake ɗauka ba, saboda haka yana da kyau mutum ya riƙe lambar wani likitan dabbobi ko ya san hanyar asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da shi.

Kuɗinsu na wata, a lissafina, ya yi kusa da abin da nake kashewa a abincin karen, allurai da magunguna kuma ana biyansu daban a lokacin da aka yi. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashi. Wanda yake da lokaci, kuma ba ya ƙyanƙyamin aikin, zai iya biyansu na wata ɗaya ko biyu ya koyi tsarin, daga nan ya ci gaba da kansa, ya riƙe likitan domin allura da maganin tsutsa kawai, kuma sun yarda da irin wannan yarjejeniyar. Ni dai na sabunta tawa, bisa sharaɗi biyu da na sa aka rubuta a takarda: su tsayar mana da yaro ɗaya wanda karen ya saba da shi, kuma su kira tun da safe duk ranar da ba za su samu zuwa ba.